Yadda ake tsara lada da ihisani ga ma'aikatan kamfanin gwamnati har aiki ya motsa

Duk wanda aka ɗora wa kula da ma'aikata a hukumar ruwa, ko kamfanin sufuri na jiha, ko gidan rediyo, ko kamfanin takin zamani na gwamnati, ba zai daɗe ba zai ji ana cewa: "Ko ka yi ko ba ka yi ba, wata zai yi." Kada ka yi saurin kiran masu faɗin haka ragwaye. Lissafi suka yi. Mai gyaran famfon da ya kwana cikin taɓo yana ɗinke bututu, da wanda ya sa hannu a rajista ya wuce shagonsa a kasuwa, albashinsu ɗaya, ƙarin girmansu lokaci ɗaya, goron sallarsu ɗaya. Aikinka shi ne ka sauya wannan lissafin, yadda ma'aikaci zai ga da idonsa cewa abin da hannunsa ya yi shi ne ya jawo abin da ya shiga aljihunsa. Duk ladan da ma'aikaci bai iya haɗa shi da aikinsa ba, alawus ne kawai, kuma cikin wata shida zai zama haƙƙin da za a yi yajin aiki a kansa.

Muna da darasi a gida. Rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974 ya zo da abu biyu: ƙarin albashi, da sabon salon aiki inda za a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon da ya kawo. Aka biya ƙarin tare da ariyas, kasuwa ta ɗauka, farashi ya tashi, ɓangaren auna sakamako kuwa ya kwanta a fayil. Har gobe idan dattijo ya ce "Udoji", kuɗin yake nufi.

Zan riƙa kawo misali da hukumar ruwa da kamfanin motocin haya, domin a nan ne aikin ya fi fitowa fili, amma matakan iri ɗaya ne a ko'ina.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka fara

Dokar da ta kafa kamfanin, da littafin ƙa'idojin aiki na ma'aikata. Karanta su da kanka, kada ka dogara da abin da aka faɗa maka a ofis.

Jerin sunayen ma'aikata na gaskiya, reshe-reshe, da matakin albashin kowa, har da leburori da 'yan wucin gadi. Idan ana zargin akwai na bogi, a tantance tukuna.

Alƙaluman aiki na wata 12 da suka wuce: kuɗin da ya shiga banki daga kowane reshe, kuɗin da aka kashe, man da aka ƙona, koke-koken jama'a. Takardar banki ce shaida, ba rahoton manajan reshe ba.

Takardar bashin da ma'aikata ke bin kamfani: albashi, kuɗin hutu, ariyas na ƙarin girma, kuɗin fansho da aka cire ba a zuba ba.

Mutum uku: akanta mai gaskiya, odita na cikin gida, da wakilin ƙungiyar ƙwadago. Sai kwamfuta mai Excel. In babu, babban littafin rajista da kalkuleta sun isa, muddin mutum biyu ne ke sa hannu a kowane shafi. Sai allon sanarwa a kowane reshe, wanda kowa zai iya tsayawa ya karanta.

Mataki na 1: San wanda ke da ikon sa hannu

Kamfanonin gwamnati ba iri ɗaya ba ne. Akwai hukumar da doka ta kafa kai tsaye, kamar hukumar jiragen ƙasa ko hukumomin ruwa na jihohi, akwai kuma kamfanin da aka yi wa rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni gwamnati na riƙe da hannun jari, kamar yadda NNPC ta koma bayan dokar man fetur ta 2021. Na biyun hukumar gudanarwarsa tana da sarari wajen yanke abin da za a biya. Na farkon hannunsa a ɗaure yake.

A matakin tarayya, Hukumar Albashi ta Ƙasa, wato NSIWC, ita ke amincewa da duk wani sabon albashi ko alawus, kuma ta sha fitar da sanarwa tana gargaɗin hukumomin da ke ƙara wa kansu. A jiha, hanyar takan bi ta hukumar gudanarwa, zuwa kwamishina, zuwa ofishin shugaban ma'aikata, wani lokaci har teburin gwamna. Sannan akwai asusun bai ɗaya, inda kuɗin shigar hukumomin gwamnati ke taruwa, da aka tilasta a matakin tarayya tun 2015, da dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 da ta ce hukumomin da ta lissafa su zuba kashi 80 cikin 100 na rarar da suka samu a baitulmali. Ma'ana, kuɗin da reshe ya tara ba naka ba ne da za ka ɗiba ka raba. Dole ladan ya shiga kasafin kuɗi da sunansa, kuma amincewar ta zo a rubuce. "Oga ya ce a yi" ba ta kare kowa ranar da odita ya zo, kuma ogan da ya faɗa wataƙila an riga an sauya shi.

Mataki na 2: Biya haƙƙi kafin ka yi maganar lada

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ke bin albashin wata biyu, ko wanda aka ƙara wa girma shekara uku da suka wuce bai ga ko kwabo ba, idan ka zo masa da maganar garaɓasa dariya zai yi maka. Haka wanda har yanzu bai ga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Ba sai ka biya duk bashin a rana ɗaya ba, amma ka fitar da jadawalin biya, ka cika kashi na farko kafin ka buɗe baki kan sabon tsari.

Kayan aiki ma haƙƙi ne. Ba a sa wa mai karanta mita adadin gidajen da zai zaga alhali babur ɗinsa ya shekara a gareji, ko a ce wa makanike ya fito da mota cikin kwana biyu alhali sito babu ko fulogi.

Mataki na 3: Zaɓi abin da za a auna

A nan ne yawancin tsare-tsare ke mutuwa, don haka zan daɗe a kai.

Kada ka yi amfani da fom ɗin APER, wato takardar auna aikin ma'aikaci ta ƙarshen shekara. Kowa ya san yadda ake cika shi: ma'aikaci ya kai wa ogansa, oga ya duba fuska da zumunci ya zuba maki, kusan kowa ya fito zakara. Ita kanta gwamnatin tarayya ta fara maye gurbinsa da sabon tsarin auna ƙwazo. Fom ɗin da kowa ke cinyewa ba ya bambance kowa.

Zaɓi ma'auni uku, in ya yi yawa huɗu, ga kowane reshe, kuma kowanne ya tsallake tambaya uku. Ma'aikatan reshen suna da iko a kansa? Wani daga waje zai iya tabbatar da shi? Idan ya gyaru, jama'ar da ake yi wa hidima za su ji a jikinsu?

A hukumar ruwa, ma'aunan da suka fi aiki su ne kuɗin da aka karɓa a kan kuɗin da aka rubuta bil, awannin da ruwa ya zo a unguwa, da kwanakin da ake ɗauka kafin a ɗinke bututun da ya fashe. A kamfanin motoci: kuɗin tikiti da ya shiga banki, yawan motocin da ke kan hanya cikin waɗanda ake da su, litar mai a kan kilomita, da haɗurra.

Yanzu ga tarkon. Ma'aikaci zai ba ka daidai abin da ka auna, ko da ya ɓata sauran aikin. Ka biya direba a kan yawan sawu, zai yi Kano zuwa Kaduna kamar ana korarsa, ya ƙi kai mota sabis, wata rana ka je ɗauko gawa. Ka biya 'yan yanka a kan yawan gidajen da suka yanke wa ruwa, za su bi gidan talaka da tsohuwa mai ƙosai, su tsallake otal ɗin da ke ba su na goro. Ka auna yawan bil ɗin da aka raba maimakon kuɗin da ya shigo, za a zauna a inuwa a rubuta bil na ƙiyasi. Ka auna yawan gyaran da aka yi, bututu ɗaya za a gyara sau biyar. Maganin shi ne ka haɗa kowane ma'aunin kuɗi da ma'aunin inganci da zai taka masa birki: kuɗin tikiti tare da haɗurra da shan mai, kuɗin bil tare da koke-koken jama'a da awannin ruwa.

Ka cire abin da ya fi ƙarfinsu. Bashin ma'aikatu, barikoki da asibitocin gwamnati, manajan reshe ba shi da ikon karɓo shi, wannan faɗan Janar Manaja ne da kwamishinan kuɗi. Idan ka bar shi cikin lissafin reshe, reshen da ke da sakatariya ba zai taɓa ci ba, ma'aikatansa kuma za su watsar tun a wata na biyu. Haka ranakun da babu wuta a matatar ruwa, ko ranakun da aka rufe hanya saboda tsaro. A rubuta tun farko yadda za a yi da irin waɗannan ranaku.

Mataki na 4: Kafa ma'aunin farawa

Ɗauki matsakaicin wata 12 na kowane reshe. Sha biyu cif, saboda damina da rani ba ɗaya ba ne a harkar ruwa, sallah da azumi ba ɗaya ba ne a harkar mota. Kowane reshe da nasa ma'aunin zai yi gasa, ba da na wani ba. Reshen da ke cikin unguwar masu hali ko da barci yake zai fi na ƙauye tara kuɗi.

Kada ka sanar da tsarin kafin ka kulle waɗannan alƙaluma. Idan labari ya fita cewa za a auna daga wata mai zuwa, akwai masu wayon da za su sassauta aiki da gangan domin ma'aunin ya sauka.

Idan babu alƙaluma kwata-kwata, wanda ya fi faruwa, kada ka ƙirƙira. Ware wata uku na tattara su, ka ba da ɗan tukuici ga reshen da ya kawo rahoto cikakke a kan lokaci. Wannan kansa horo ne.

Mataki na 5: Fitar da kuɗin ladan daga ƙarin da aka samu

Ladan da zai ɗore shi ne wanda ke biyan kansa. Ga misali da alƙaluman da na sa don sauƙin lissafi. A ce reshe yana tara naira miliyan 20 a wata, bayan an fara tsarin ya koma miliyan 24. Ƙarin miliyan 4 ne. An amince kashi 15 cikin 100 na ƙarin ya zama lada, wato naira 600,000 a wata, miliyan 1 da dubu 800 a wata uku. Sai a duba makin inganci. Idan reshen ya sami 80 cikin 100 a awannin ruwa da saurin gyara, kuɗin ya sauka zuwa miliyan 1 da dubu 440. Idan makin ya gaza 50, babu lada ko nawa aka tara.

Wannan lissafin shi ne makaminka a gaban ma'aikatar kuɗi: a kowace naira 100 ta ƙari, 85 ta gwamnati ce, kuma in babu ƙari babu abin da za a biya. Idan aka ƙara farashin ruwa ko na tikiti a tsakiyar shekara, sai a ɗaga ma'aunin farawa daidai da ƙarin, don kada a biya mutane ladan abin da ba su yi ba.

Girman ladan yana da muhimmanci. Abin da bai kai cefanen kwana biyu ba ba ya tayar da kowa daga kujera. A nawa ganin, idan abin da ƙaramin ma'aikaci zai samu a wata uku ya kai wajen rubu'i zuwa rabin albashinsa na wata, to ya isa ya sa shi tunani. A sa masa rufi kuma, kada ya wuce albashin wata guda, domin in ya yi yawa ne ake fara haɗa baki a murɗe alƙaluma.

Ga kamfanin da ba ya tara kuɗi sosai, kamar gidan rediyo ko hukumar kwashe shara, a nemo ladan daga abin da aka rage na ɓarna: man gas, gyaran janareta, hayar motoci.

Mataki na 6: Tsara rabo

Ni na fi son lada na reshe a kan na mutum ɗaya. Ruwa ba ya isa famfo da hannun mutum guda, kuma idan ladan na kowa ne, abokan aiki da kansu za su tsare wanda ke zillewa, abin da takardar tuhuma goma ba za ta yi ba. Hukumar ruwa ta ƙasar Uganda ta bi wannan hanyar. Bayan William Muhairwe ya karɓi ragamarta a 1998, ya fara da shirin kwana 100, daga baya aka riƙa ƙulla yarjejeniya tsakanin hedikwata da kowane yanki, a ba manajan yanki da mutanensa ikon tafiyar da aikinsu, a biya su ƙari idan sun cimma abin da aka rubuta. Hukumar da a da ke tafka asara ta koma wadda wasu ƙasashe ke zuwa koyo a wurinta. Lura da cewa iko aka ba su tare da ladan. Manajan da sai ya rubuta takarda hedikwata kafin ya sayi bututu ɗaya, ba adalci ba ne a auna shi da saurin gyara.

Rabon da na ga ya fi zama lafiya shi ne kashi uku. Kashi 60 a raba daidai wa daida ga duk wanda ya yi aiki a reshen, daga manaja har maigadi. Kashi 30 a raba bisa ƙwazon mutum, ga waɗanda aikinsu ke ƙirguwa, kamar masu karɓar kuɗi, direbobi da masu gyara. Kashi 10 ya zauna a reshe, su da kansu su zaɓi abin da za a saya: takalman ruwa, fanka, gyaran banɗaki. A misalinmu na miliyan 1 da dubu 800, in makin inganci bai rage komai ba, idan ma'aikata 40 ne, kashin farko zai ba kowa naira 27,000.

Manya za su ce a raba bisa matakin albashi. Kada ka yarda da wannan a kashin farko, domin kuɗin zai ƙare a sama, wanda ya shiga rami ya tashi da na shan ruwa. In an matsa, ka ware wa manajan reshe nasa ladan daban, wanda ya rataya a kan makin reshen gaba ɗaya.

Kada a manta da waɗanda ba a gani: ma'aikatan matata, makanikai, 'yan sito, akantoci a hedikwata. Nasu ya fito daga matsakaicin abin da rassa suka samu. Idan ka bar su, bauca za ta fara kwana a tebur. 'Yan wucin gadi ma a sa su, sau da yawa su ne ke yin aikin wahalar. Mai hutun haihuwa da wanda ya ji rauni a bakin aiki ba a cire su. Wanda ya yi fashin aiki ba izini fiye da kwanakin da aka yanke, ko aka kama shi da karɓar kuɗi a hannu, ya rasa kasonsa na wannan zangon.

Mataki na 7: Zauna da ƙungiya, a rubuta

Kira shugabannin ƙungiya tun tsarin yana ɗanye, ko AUPCTRE ce ta ƙananan ma'aikata ko ta manyan ma'aikata. Abin da suke tsoro biyu ne: kada a fake da wannan a taɓa albashi ko a rage ma'aikata, kada kuma ya zama hanyar azurta 'yan gaban goshi. Ka amsa duka biyun a rubuce. Ka ba su kujera a kwamitin tantancewa. Yarjejeniyar kada ta wuce shafi biyu, a fassara ta da Hausa, a karanta wa leburori a fili, a manna a allo. Idan direba bai iya lissafa abin da zai samu da kansa ba, tsarin ya yi sarƙaƙiya, koma ka rage.

Mataki na 8: Gwada a reshe biyu ko uku

Wata shida sun isa. Haɗa reshe mai ƙarfi da mai rauni, kada ka zaɓi na abokinka. Sauran rassan su ne madubinka: idan kuɗi ya ƙaru a ko'ina, har inda babu lada, to wani abu ne daban ya kawo shi.

Mataki na 9: Tantance, sannan ka biya a ranar da ka ce

Kowane wata a manna sakamakon dukkan rassa a allo ɗaya, kowa ya ga na kowa. Odita ya gwada alƙaluman da takardar banki, ya kuma fita ba sanarwa: ya shiga unguwa ya tambayi matan gida da masu garuwa ranar da ruwa ya zo, ya hau mota a matsayin fasinja ya ƙirga kujeru. A ba da mako ɗaya na ƙorafi.

Sannan a biya, ta banki, daban da albashi, domin mutum ya ga alat ɗin shi kaɗai ya san na mene ne. A cire haraji yadda doka ta ce, kuma a faɗa musu tun farko za a cire. Biyan wata uku-uku ya fi na shekara, saboda abin da ya yi nisa ba ya jan kowa.

Alƙawari kaya ne, kuma a nan gwamnatoci suka fi faɗuwa. Kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati da mayar da su na kasuwanci da aka kafa a 1988 ƙarƙashin Hamza Zayyad ya kawo tsarin yarjejeniyar aiki tsakanin gwamnati da manyan hukumominta, kuma duk wanda ya rayu da NEPA ta wutar lantarki da NITEL ta wayar tarho ya san inda aka kwana. Wani rahoton Bankin Duniya na 1995 ya duba irin waɗannan yarjejeniyoyi a ƙasashe masu tasowa, ya gano yawancinsu ba su gyara aiki ba: manajoji sun fi gwamnati sanin cikin kamfani sai su sa a rubuta buri mai sauƙi, ladan ba shi da ƙarfi, gwamnati kuma ba ta cika nata ɓangaren. Biya ɗaya da ka saɓa ya isa ya kashe tsarin, kuma wanda zai zo bayanka ma ba za a yarda da shi ba. Don haka kada ka ƙaddamar sai kuɗin zango na farko yana cikin kasafi, an sa masa hannu.

Wani abin da zai zo maka tabbas shi ne waya daga sama: a sa sunan wane, ko a ba kowa daidai saboda sallah ta zo. Kariyarka ita ce allon nan da yarjejeniyar da ƙungiya ta sa wa hannu. Goron sallah a ba shi daban da sunansa, kada ya haɗa hanya da ladan aiki.

Mataki na 10: Idan an hana kuɗi

Yakan faru a ce doka ba ta ba da dama ba, ko kasafi ya riga ya wuce. Akwai abin yi. Takardar yabo mai sa hannun Janar Manaja, wadda ta faɗi takamaiman abin da mutum ya yi, aka karanta ta gaban abokan aikinsa, aka sa kwafi a fayil ɗinsa yadda za ta yi magana ranar ƙarin girma, tana da nauyi fiye da yadda matasan manajoji ke zato. Akwai tura mutum kwas, wanda a yawancin wurare 'yan lele ke zagayawa da shi. Akwai ba reshen da ya yi fice sabon babur ko sabuwar mota kafin kowa, da barin mutum ya zaɓi lokacin hutunsa, da ba ɗan wucin gadi takardar aiki ta dindindin idan gurbi ya samu. Ana kuma iya tura sunan wanda ya cancanta ga Cibiyar Bunƙasa Ƙwazo ta Ƙasa, mai ba da lambar yabo ta ƙwazon aiki.

Kujerar Makka ana son ta ƙwarai, amma ka yi lissafi: kuɗin kujera ɗaya zai iya ratsa reshe guda, kuma idan akwai ma'aikata Kirista dole a tanadi kwatankwacinta. Shi kuwa "gwarzon wata" da ake zagayawa da shi don kada ran kowa ya ɓaci, gara a bar shi.

Lada mafi ƙarfi a aikin gwamnati shi ne muƙami. A Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, lokacin da Ek Sonn Chan ya karɓi hukumar ruwa a 1993, wajen kashi 72 cikin 100 na ruwan da ake tacewa yana salwanta ba a samun kuɗinsa. Cikin abin da ya yi akwai ɗaga matasa masu ƙwazo sama da waɗanda suka daɗe suna cin gajiyar ɓarnar, da ƙara albashi, da ba da lada ga mai aiki da hukunta mai karɓar na goro. Cikin shekara goma sha biyar asarar ta sauka ƙasa da kashi 10. A wurinmu ƙa'idar shekarun ƙarin girma ba za ta bari ka yi tsalle da mutum ba, amma wanda za a ba riƙon reshe, ko shugabancin ayarin gyara, wannan yana hannun hukumar gudanarwa.

Mataki na 11: Bita bayan shekara

Ɗauko alƙaluman wata 12 na bayan tsarin ka jera su da na kafinsa, ka kuma jera rassan gwaji da waɗanda ba a taɓa ba. Duba kuɗin da ya shigo bayan an cire ladan da aka biya, duba koke-koke, fashin aiki, haɗurra, da yawan masu neman a sauya musu wurin aiki. Idan mutane sun fara neman a kai su reshen da a da ake gudu, tsarin ya kama. Idan ma'auni ɗaya ya yi tashin gwauron zabi sauran suna nan, je ka bincika, akwai wayo a ciki.

Ma'aunin farawa za a ɗaga shi, amma sau ɗaya a shekara, kuma ba zuwa ƙololuwar da suka kai ba. Idan reshe ya tashi daga miliyan 20 zuwa 24 ka mayar da ma'auninsa 24, ka hukunta su ne a kan ƙoƙarinsu, kuma baɗi za su ɓoye ƙarfinsu. Ɗaga shi zuwa 22, wato rabin ƙarin, kuma wannan ƙa'idar ta kasance cikin yarjejeniya tun ranar farko. Reshen da ya kai inda babu sauran ƙari mai yawa, kamar wanda ke karɓar kashi 95 na bil ɗinsa, sai a sauya masa ma'auni: a biya shi a kan riƙe matsayin, a ƙara masa sabon buri kamar jan ruwa zuwa unguwannin da ba su da shi ko sa mita a gidajen da ake yi wa ƙiyasi. Sabuwar yarjejeniyar a sa mata hannu kafin tsohuwar ta ƙare, kuma kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.